Wai don me za a sa wa kulob sunan auduga? Fashin baƙi kan asalin sunayen ƙungiyoyin ƙwallo

Duk sanda Coton Sport ta Garwa (Coton da Faransanci auduga ce) ta fita buga wasan Afirka sai wannan gardamar ta taso, a gidan kallo, a teburin mai shayi, har a Facebook, wai ina dalili za a ɗauki ƙungiyar da ta fi kowacce cin shampiyona a Kamaru a laƙaba mata sunan auduga. Masu faɗin haka galibi samarinmu ne 'yan Arsenal da Madrid da Barça, a ganinsu sunayen kulob ɗin Turai su ne sunaye na gaske masu kwarjini, namu kuwa in ba sunan kamfani ba to na dabbar daji ne, kamar an rasa abin cewa. Su kuma dattawan da suka ga zamanin Canon da Tonnerre, manyan ƙungiyoyin Yawunde na da, sai su ce yaran nan ba su san komai ba, daga nan magana ta koma musu, ba wanda zai tsaya ya bi asalin abun.

To abin da nake so mu duba kenan. Daga ina sunan kulob yake fitowa, me ya sa wani sunan yake kama zuciya wani kuma ko an maimaita shi kullum ba ya zama a baki, sannan ina ruwan talaka mai sayen tikiti ko mai tara yaran unguwa yana haɗa musu ekip da wannan maganar.

Su FC da AS da United ɗin nan me suke nufi

Mu fara da 'yan haruffan da ake liƙawa a gaba ko a bayan suna, don mutane na ɗaukarsu da girma alhali ba wani sirri a ciki. FC kulob ɗin ƙwallon ƙafa kawai yake nufi. AS da US da muka gada wajen Faransawa suna nufin ƙungiyar wasanni, saboda da yawansu ba balo kaɗai suke yi ba a farko, akwai guje-guje da tseren keke da ƙwallon hannu duk a inuwa ɗaya. Racing ma daga tsere ta fito, shi ya sa za ka gan ta a Faransa, ka gan ta a Ajantina, ka zo Bafusam ka same ta.

United haɗin kai ne, wani lokaci da gaske ƙungiyoyi biyu ne suka haɗe, kamar Newcastle a 1892 da ta gabashin gari da ta yamma suka zama ɗaya. Amma Manchester United ba wata haɗewa da ta yi, Newton Heath ne sunanta tun 1878, bashi ya kusa kashe ta, waɗanda suka zuba kuɗi suka cece ta a 1902 su suka sake mata suna. Real kuwa sarauta ce. Sarkin Sifaniya Alfonso na 13 ne ya ba Madrid wannan laƙabin a 1920, shi ya sa kake ganin kambin sarauta a saman tambarinsu, kuma da aka kawar da sarauta a ƙasar a 1931 an cire musu Real ɗin da kambin gaba ɗaya, sai bayan yaƙin basasa aka mayar. Dynamo ta ƙasashen gurguzu ce, a Tarayyar Sobiyet ƙungiyar jami'an tsaro ce, CSKA ta soja, Lokomotiv ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Daga baya sunan ya yi yawo, Duwala akwai Dynamo, Harare akwai Dynamos, ba abin da ya haɗa su da 'yan sandan Mosko.

Wanda ya yanka rago shi ke raɗa suna

Nan ne zuciyar maganar. In kana son sanin dalilin sunan kulob to tambayi waye ya sayi ƙwallon farko, waye ya ba da fili, waye ya biya kuɗin mota ranar da za a je wani gari.

Ɗan Arsenal da yake wa Coton dariya ya kamata ya san sunan ƙungiyarsa ma'anarsa gidan ƙera makamai ne. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich a kudancin Landan ne suka kafa ta a 1886, igwar da ke jikin rigar daga nan ta fito. West Ham ta fara a 1895 a matsayin ƙungiyar maƙeran jiragen ruwa, gudumomin nan biyu na tambarinta kayan aikinsu ne. Newton Heath ɗin da ta zama Man United ta leburorin kamfanin jirgin ƙasa ce. Bayer Leverkusen da ta ci kofin Jamus a 2024 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, sunan kamfanin magani take ɗauke da shi tun 1904, kamfanin da ke yin Aspirin. PSV ta Holan ta ma'aikatan Philips ce masu ƙwan fitila, tun 1913. Sochaux a Faransa iyalan Peugeot ne suka kafa ta a 1928. Shakhtar kuma mai haƙar kwal ake nufi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwallon zamani a garuruwan masana'antu ta girma, inda dubban maza suke aiki wuri ɗaya suna tashi lokaci ɗaya, kuma kamfani ne ke da fili da kuɗi, shi kuma yana son ma'aikatansa su samu abin yi da zai ɗaure su da wurin. Har ranar hutu tana zama suna, Sheffield Wednesday asalinta ƙungiyar kurket ce ta mutanen da ranar Laraba suke samun sararin wasa, da suka fara ƙwallon ƙafa a 1867 sai Larabar ta bi su har yau.

Toh yanzu mu dawo gida. An kafa Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, a 1974, hedikwatarta a nan Garwa, Coton Sport kuma ta fito daga cikinta a 1986. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauye lokacin sanyi ya ga kasuwar auduga ya san abin da wannan sunan ya ƙunsa. Ana tara ta tsibi-tsibi fara fat a bakin gari, mata da yara suna kawowa a ka, wasu a amalanke, ana ɗorawa a sikeli ana rubutawa, manomi na tsaye yana lissafin abin da zai rage masa in an cire bashin taki da maganin feshi, can sai ga babbar mota ta zo ɗiba, samari su hau sama suna tattakewa don ta ci da yawa. Daga nan sai injin gurza a Gider ko Kaele ko Tuboro, ƙwayar kuma a matse ta zama man Diamaor da ake suya da shi a gidajenmu. Kuɗin da ke biyan albashin 'yan wasa da na jirgin zuwa Alƙahira daga wannan tsibin yake fitowa. Shi ya sa ni dai ban ga sunan da ya fi dacewa da ƙungiyar arewa kamar wannan ba, kore da fari na rigar ma gona ce da auduga.

Kuma a duba abin da sunan ya ɗauko. Tun daga samun 'yanci har 1996 duk kofin shampiyona kudu yake tsayawa, Duwala, Yawunde, Nkongsamba, Bafusam, Bafang. A 1997 Coton ta kawo shi arewa karon farko, daga nan ta mayar da shi kamar na gado. A 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF Raja Casablanca ta doke ta, a 2008 ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka, Al Ahly ta ci 2-0 a Alƙahira aka yi 2-2 a filin Rumde Ajiya na Garwa. Vincent Aboubakar a nan ya tashi kafin ya tafi Valenciennes a 2010. Akwai mutane a Masar da Maroko da ba su taɓa jin sunan Garwa ba sai ta dalilin wannan auduga.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Daga Kuseri ƙetare kogi ka shiga Njamena, ga AS CotonTchad, ga Elect-Sport ta kamfanin lantarki. A Nijar ga AS Douanes ta kwastan, ga AS FAN ta soja. A Najeriya BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko ta ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu a 1990, Bendel Insurance kuma inshora ce ƙarara. PWD Bamenda da ta ci shampiyona a 2020 sunan ma'aikatar ayyuka ne na zamanin Ingilishi. Zambiya akwai ZESCO ta lantarki da Zanaco ta banki. Hatta TP Mazembe da ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob a 2010, limaman coci ne suka kafa ta a 1939, kuma ta yi shekaru tana amsa sunan Englebert, sunan tayar mota.

Duwala da Yawunde, inda suna yake faɗin unguwarku

Sunayen dabbobi kuma da ake ganin kamar rashin dabara ne, suna da nasu labarin. A Duwala tsofaffin ƙungiyoyi bisa gidajen sarautar garin suka tashi, Oryx ta ɓangaren Bell, Caïman ta Akwa, Léopard ta Deido. Kowace unguwa ta ɗauki dabbar da za ta tsorata maƙwabciya, kada a ruwa, damisa a tudu. In mutum ya ce shi ɗan Caïman ne a wancan zamani to ya gaya maka inda aka yanke cibiyarsa, ba sai ka tambaya ba. Oryx ɗin nan ita ce ta ci kofin zakarun Afirka na farko a tarihi, ta doke Stade Malien a Akara, kuma abin takaici yanzu yaranmu da yawa ko sunan ba su sani ba. Baƙin da suka zo cin kasuwa su ma suka yi nasu, Dynamo ta zama ta ƙabilar Basa, Union ta zama ta ƙabilar Bamileke. Magoya bayan Union kirarinsu Nassara Gamakai, kalmomin da duk Bahaushen da ya ji sai ya ɗaga kai, kuma unguwar New Bell dama nan ne baƙi 'yan arewa da 'yan yamma suka zauna gefe da gefe tun zamanin Turawa.

A Yawunde kuma ƙara aka yi gasa da ita. Canon ta zo a 1930 da sunan igwa, kirarinta Kpa-Kum, wato ƙarar harbi. Bayan shekara 4 Tonnerre ta fito da sunan tsawa, wadda ta fi igwa ƙara. Canon ta ci kofin zakarun Afirka a 1971 da 1978 da 1980, Tonnerre ta ci na masu kofin ƙalubale a 1975 da Roger Milla a cikinta, George Weah ma a nan ya buga kafin Monaco ta ɗauke shi a 1988.

In ka hau yamma kuma sai ka tarar ƙasa ce da kanta take zama suna, Bamboutos ta Mbuda sunan duwatsun yankin ne, Fovu ta Baham sunan wani kogon duwatsu ne da mutanen wurin ke girmamawa, Panthère ta Nde, Aigle Royal ta Menuwa. Irin wannan sunan yana tara mutane fiye da kowane iri, ɗan kasuwar da ke Duwala zai rufe shago ya hau mota don ƙungiyar garinsu na wasa. Amma yana da nasa ciwon, don in ƙungiya ta zama ta ƙabila ɗaya to faɗan fili yakan fita waje, kuma yaro mai ƙafa daga wata ƙabilar sai ya ji shi baƙo ne ko yana ci musu ƙwallo.

Lokacin da suna ya zama maganar siyasa

A ƙasashen Larabawan Afirka sunan kulob hanya ce ta faɗin abin da ba a iya faɗi a fili ƙarƙashin Turawa. Al Ahly da aka kafa a 1907 ma'anarta ta 'yan ƙasa, a lokacin da Ingilishi ke riƙe da Masar kuma manyan kulob na baƙi ne. Mouloudia ta Aljiyas, 1921, daga Maulidi sunan ya fito, ƙungiyar Musulmi a garin da Faransawa ke da nasu ƙungiyoyin. Espérance ta Tunis, 1919, sunan wani gidan shan gahawa ne da waɗanda suka kafa ta ke zama, amma ma'anarsa fata, kuma mutane fatan suka riƙe. Zamalek ta taɓa amsa sunan Sarki Faruƙ, da soja suka kifar da shi a 1952 sunan ya tafi tare da shi. Ko a Italiya Inter ta ɓalle daga Milan a 1908 kan maganar a bar baƙi su buga, shi ne ta kira kanta ta ƙasa da ƙasa.

Me ke sa suna ya shiga rai

Abu na farko dai daɗin faɗa. Suna sai ya iya shiga waƙa da kiɗan ganga, ya fito daga bakin mutum dubu lokaci ɗaya. Shi ya sa kusan kowace ƙungiya mai jama'a tana da suna biyu, na takarda da na baki. Kano Pillars sunan takarda ne tun 1990, amma abin da ke girgiza filin Sani Abacha shi ne Sai Masu Gida. Enyimba ta Aba giwar jama'a ce. Asante Kotoko ta Kumasi, 1935, beguwa ce, alamar masarautar Ashanti, kirarinta in ka kashe dubu wasu dubu za su zo. A kula, ba ƙabilar Kotokonmu ta Kuseri da Logon Birni ba ce, kalma ce kawai ta zo ɗaya, don na sha jin ana haɗa su.

Na biyu suna ya zama yana da labari a bayansa wanda uba zai iya ba ɗansa. Wikki Tourists ta Bauci sunan ruwan ɗumin nan ne na dajin Yankari. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri sunan Shehu Laminu ne, wanda tarihinsa ya shafi Borno da Kanem da mu nan gaba ɗaya. A Maraɗi akwai Dan Kassawa, sunan sarkin da ya kafa garin bayan an fito daga Katsina, a Yamai akwai Zumunta, suna da Hausa tsantsa kuma ba wanda ya ce ya yi ƙauyanci. Ƙungiyar ƙasar Chadi Sao ake ce mata, mutanen farko na bakin tafki da kogin Shari waɗanda har yau ake tono tukwanensu. Kaizer Chiefs ta Afirka ta Kudu kuma mutum ɗaya ne, Kaizer Motaung, ya je Amurka ya buga wa Atlanta Chiefs, ya dawo a 1970 ya haɗa sunansa da nasu.

Akwai kuma sunayen da baƙuntarsu ce take jan hankali. Young Boys ta Siwizalan, samari, ƙungiyar da aka kafa tun 1898. The Strongest da Always Ready a Bolibiya, sunan Ingilishi a ƙasar da ke jin Sifaniyanci, saboda Ingilishi ne suka kai ƙwallo can kuma yarensu ne yayi a lokacin. Chicken Inn ta Zimbabuwe sunan gidan sayar da soyayyar kaza ne kuma ta ci shampiyona a 2015. Irin waɗannan in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa, wannan kaɗai talla ne da ba a biya ba.

Amma gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, nasara ce take sa wa suna kwarjini. Juventus ƙuruciya kawai take nufi, ɗalibai ne suka sa a 1897. Al Merrikh ta Omdurman da 'yan Njamena da Abeshe suka sani sunan tauraro ne, Al Hilal jinjirin wata. Étoile Filante da muke da ita a Garwa da Shooting Stars ta Ibadan ma'anarsu ɗaya, bambancin yare ne. Da Arsenal ta tsaya a ƙaramin rukuni shekara ɗari ba wanda zai ji daɗin sunan gidan makamai.

Masu cewa suna ba komai ba ne da masu cewa shi ne komai

Ɓangare na farko, yawanci masu kuɗi da masu tafiyar da kulob, cewa suke ƙwallo kasuwa ce yanzu, albashi ba ya biyan kansa, in sauya suna zai kawo mai zuba jari to a sauya. Hujjarsu babba ita ce RB Leipzig. Kamfanin Red Bull ya kafa ta a 2009 daga rukuni na biyar, dokar Jamus ta hana sabon kulob ɗaukar sunan kamfani sai suka ƙirƙiro wata kalma da za ta ba su haruffan RB, a 2016 sun shigo babban rukuni, sun ci kofin ƙalubale na Jamus a 2022 da 2023. Garin da ya daɗe ba ya ganin manyan wasa ya samu. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗan wasa na bin bashin albashin wata da watanni ba zai raina maganar kuɗi ba.

Ɓangare na biyu su ne magoya baya, suna cewa mai kulob yau yana nan gobe ya sayar, mu ne muke nan. A Ingila mai Hull City ya so ya mayar da ita Hull Tigers don ta sayu a ƙasashen waje, jama'a suka yi ca, hukumar ƙwallo ta ƙi amincewa a 2014. Mai Cardiff ya sauya musu riga daga shuɗi zuwa ja a 2012, bai samu lafiya ba sai da ya mayar a 2015. Da aka kwashe Wimbledon aka kai wani gari ta koma MK Dons, magoya bayanta sun kafa tasu daga ƙasa a 2002 suka yi ta hawa har suka tarar da ita.

Ni ina ɓangare na biyu, amma da sharaɗi. Sunan kamfani kala biyu ne. Akwai wanda ya fito daga aikin da mutanen garin ke ci da shi, irin Coton da Bayer da PSV, wannan na jama'a ne ko da kamfani ke biya. Akwai kuma wanda aka liƙa don talla kawai, ranar da kwangila ta ƙare a ɓamɓare. A ƙasar Sin sai da hukuma ta tilasta a 2021 aka cire sunayen kamfanoni daga kulob, Guangzhou Evergrande da ta ci kofin Asiya sau biyu ta koma Guangzhou kawai, kamfanin ya durƙushe da bashi, ƙungiyar ta bi shi.

Wannan shi ne haɗarin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙungiyar da ke tsaye da ƙafa ɗaya, ko kamfani ko attajiri ɗaya, ranar da auduga ta faɗi a kasuwar duniya ko aka sauya shugaba aka kawo wanda ƙwallo ba ta dame shi ba, sai a ji jiki. Najeriya ta ga haka da Abiola Babes da Leventis United, suna tashe aka wayi gari babu su. A Afirka ta Kudu an sayar da gurbin Bidvest Wits a 2020 tana da shekara 99, an sayar da na Bloemfontein Celtic a 2021 aka kai wani gari da wani suna. In kulob ya mutu ko ya ƙaura ba 'yan wasa kaɗai ke asara ba, akwai mai sayar da ruwan sanyi da ƙosai a ƙofar fili, akwai 'yan moto da ke jigilar 'yan kallo, akwai tela mai ɗinka tuta, akwai yaron da da an gan shi a atisaye an ɗauke shi.

Chelsea ta unguwarmu

Yanzu abin da ya fi damuna. Je ka kowane filin unguwa lokacin shampiyonan hutu, a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ko Kuseri, ka karanta allon da aka rubuta wasannin ranar da alli. Chelsea da Barça ƙarfe huɗu, gobe Real da PSG, tun da Aboubakar ya je Saudiyya Ronaldo ya biyo baya kuma Al Nassr ta ƙaru. Yaran unguwar Fulbere da na Yelwa ne, an haife su nan, iyayensu na gefen fili suna ihu, amma sunan na wani gari ne da ba wanda ya taɓa takawa.

Ba na zargin yaran, don na san yadda abun yake faruwa. Ana haɗa kuɗi ɗari biyar ɗari biyar, kyaftin ya shiga kasuwa neman riga goma sha ɗaya iri ɗaya, abin da zai samu da araha a dila shi ne na Chelsea ko na Madrid da aka riga aka buga, da sunan wani ɗan wasa a baya. Riga ta riga ta faɗi suna, sai ekip ta bi ta. Ga kuma gidan kallo da Canal+ da suka sa yaro ya san benci na Liverpool kaf amma bai san mai tsaron gidan Gazelle ta garinsu ba. Kuma aron suna ba mu muka fara ba, akwai Barcelona a Ekwado, akwai Liverpool a Yurugwai, Berekum Chelsea ma ta ci shampiyonan Gana a 2011.

Sai dai aron suna yana da iyaka. Ba za ka taɓa zama Chelsea ta gaske ba, in an rubuta sunan a intanet ba kai za a gani ba, kuma in ƙungiyar ta girma ba ta da abin da za ta buga a riga ta sayar wanda yake nata. Simba ta Tanzaniya ta gane haka, Sunderland ake ce mata kafin ta koma zaki da yarenta a 1971, yau tana cikin ƙungiyoyin da suka fi jama'a a gabashin Afirka, ita da kishiyarta Yanga.

Sunaye kuwa ba mu rasa ba. Ga kogin Binuwai, ga dutsen Tingilin da ke kallon Garwa, ga dutsen haƙorin Mindif, ga kogin Kaliyawo da ya ratsa Marwa, ga Logon da Shari, ga dajin Waza. Sahel ta Marwa da Danay ta Yagwa sun riga sun nuna ana iyawa. Abin da kawai zan ja kunne a kai shi ne a guji sunan da zai ce wannan ekip ta ƙabila kaza ce, don unguwanninmu a cakuɗe suke, Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da Tupuri da Giziga da Shuwa duk layi ɗaya, sunan kogi ko dutse ko sana'a kowa na iya shiga ƙarƙashinsa. Ƙungiyar mahauta ko ta 'yan moto ko ta masu gyaran waya in ta kira kanta da sana'arta, abin da Arsenal ta yi a 1886 shi ta yi.

Masu ɗaukar nauyin gasar hutu, 'yan kasuwa da 'yan majalisa da ke sayen riguna suna rabawa, su ne abun ya fi sauƙi a hannunsu. Maimakon dilar Chelsea a sayi riga marar rubutu, a kai wa masu buga lamba da ke cikin kasuwa su buga sunan da yaran suka zaɓa da kansu, sannan a sa a dokar gasar cewa ba a karɓar ekip sai da sunan gida.